Kwal a Kan Dogo, Lebura a Ƙasa: Tarihin Layukan Tudun Inugu

Duk direban tirelar da ya taɓa kai shanu ko albasa Inugu ya san inda hira take yankewa a cikin mota. Da an baro 9th Mile, mahaɗar da hanyar Makurɗi ta haɗu da ta Anacha, sai ƙasa ta fara zubewa a gaban mota. Direba ya koma ƙaramar giya, yaron mota ya jawo weji kusa da ƙafarsa, ƙaurin birki ya cika hanci. An shiga gangaren Ugwu Onyeama ke nan, wanda ya ci motoci da rayuka masu yawa. Can gefe ga tsohuwar hanyar Milliken Hill ta nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, a ƙasa kuma ga birni shimfiɗe iyakar ganin ido.

Wannan tudun da direbobi ke tsoro shi ne dalilin kafuwar garin. A cikinsa kwal yake. A cikinsa da jikinsa aka taɓa shimfiɗa ƙananan layukan dogo, aka ja igiyoyin ƙarfe, aka kafa turakun da bokitai ke bi ta sama, duk don a fito da kwal a kai shi tasha. A wasu biranen duniya da ke jikin tudu, irin waɗannan layuka mutane suke ɗauka, kuma har yau suna aiki. Na Inugu kwal kaɗai suka ɗauka. Mutanen da suka haƙo shi da ƙafa suke hawa da sauka. Da kwal ya faɗi, layukan suka bi shi, aka bar birni mai ɗimbin jama'a da tudunsa.

Kwal ya riga gari

A 1909 babu wani birni a wurin. Ƙauyukan Ngwo ne a kan tudu, gonakin mutanen Nike a fili. A shekarar ne ayarin masu binciken ma'adinai na Kudancin Nijeriya, ƙarƙashin Albert Kitson, ya tabbatar da kwal a tsaunukan Udi. Ga gwamnatin mulkin mallaka wannan babban labari ne, domin a lokacin duk kan jirgin da ke gudu a ƙasar nan, har wanda ya isa Kano a 1911, kwal ɗin da ake kawowa daga Birtaniya ta teku yake ci. An samu abin hura wuta a gida, saura hanyar fito da shi.

Anacha ce ta fi kusa, amma ruwan Kwara yana janyewa da rani, manyan jirage ba sa shiga. Sai aka nufi teku. Aka zaɓi wani wuri mai zurfin ruwa a kan kogin Bonny aka kafa sabuwar tashar jiragen ruwa, a 1913 Gwamna Lugga ya raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mallaka na lokacin. Ita ce Fatakwal. Daga nan aka fara aikin diga, ta Aba da Umuahia, kilomita 243, har dogo ya iso gindin tudun a 1916. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa aikin gaggawa, don kwal ɗin Turai ya yi wuyar samu. An riga an buɗe ramin Udi a 1915, na Iva Valley ya biyo baya a 1917, kuma a wannan shekarar aka ba sabon matsugunin matsayin gari a doka. Da sunan Enugu Ngwo aka san shi har 1928, lokacin da aka bar shi da Inugu kawai.

Biranen nan biyu, ashe, haihuwar layi ɗaya ne: ɗaya a bakin rami, ɗaya a bakin teku. Anacha kuwa, duk girman kasuwarta, har yau dogo bai taɓa shiga cikinta ba.

Yadda kwal ke fitowa daga dutse

Jirgin ƙasa ba ya son tudu. Ƙafar ƙarfe ce a kan ƙarfe, da hawa ya yi tsanani sai ta riƙa sulɓi tana juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka babban layin bai hau tsaunin Udi ba. Ya bi gindinsa, aka kafa tasha a fili, aka fitar da rassa zuwa bakin kwaruruwan da ramukan suke. Daga nan zuwa ciki wata dabara ce daban.

Ramukan Inugu ba irin na rijiya ba ne da ake zura mutum ƙasa. Jijiyar kwal ɗin ta leƙo ne a jikin tudu, inda rafuka kamar Iva da Ogbete da Ekulu suka yanka dutsen, don haka ta gefe ake shigarta, ana bin ta cikin dutse. Kaurin wadda aka fi haƙa bai kai tsayin mutum ba, ke nan yawancin aikin a sunkuye ake yin sa. Ana yanka lunguna ana barin ginshiƙai na kwal ɗin kansa su riƙe rufi, masu katako suna bi suna kafa tokara. A gaba akwai mai diga, shi ke sarar kwal. Bayansa akwai mai tura kura, wato ƙaramin akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke gudu a kan siririn layi. Shi zai tura ta da kafaɗa, cikin zafi da duhu da ruwa har idon sawu, zuwa babban lungu. A can ake maƙala ta a jikin igiyar ƙarfe da inji ke ja, cikakku suna fita, fankon suna komowa, har su kai inda ake tankaɗe kwal a zuba a tarago. Masu gyaran layi suna nan kullum, don duk taƙin da haƙa ta ci gaba sai an ƙara dogo a bi ta.

Lissafin kuɗin mai diga a kan kura yake: yawan kurar da ya cika, yawan abin da zai karɓa. In kura ta yi ƙaranci, ko igiya ta tsaya, ko wata ta goce daga layi ta tare hanya, aljihun lebura ne ke ji. Wannan ya sa rigimar kura da ƙidayarta ba ta taɓa ƙarewa tsakanin ma'aikata da manyansu ba. Ga kuma ruwa. Jijiyar ta ɗan karkata ne zuwa ƙarƙashin tudu, a samanta kuwa akwai dutsen yashi mai riƙe ruwa, saboda haka duk zurfin da aka ƙara, ruwa na bin mutane. Ruwan mai tsami ne, yana cin famfo da ƙarfen dogo. In famfo ya tsaya na wani lokaci, rami ya cika.

Coal Camp: unguwar masu tura kura

Leburorin farko ba duka ne suka zo da son ransu ba. Gwamnati ta jingina da sarakunan da ta naɗa da takarda, manya a cikinsu Onyeama na Eke da Chukwuani na Ozalla, su ke tattaro mutane daga ƙauyuka su turo rami, suna cin rabonsu a kan kowane kai. Onyeama, wanda ya mutu a 1933, ya yi ƙarfin da har yau ake ba da labarinsa a yankin. Sunansa ne a kan ɗaya daga cikin ramukan da kuma gangaren nan na kan hanya, kuma jikansa ne Geoffrey Onyeama, ministan harkokin waje a zamanin Shugaba Buhari. Akwai kuma 'yan kwangila irin su Alfred Inoma, mutumin Anacha, wanda ya kafa wa mutanensa sansani a jikin tudu, wurin da ake kira Ugwu Alfred har gobe.

Da aka zo tsara gari, sai aka bi tsarin da aka saba a ko'ina: Turawa a gefe guda, inda iska take, baƙar fata a ɗaya gefen, rafin Ogbete da fili a tsakani. Gefen leburori shi ne Coal Camp, ko Ogbete. Dogayen gine-gine ne masu ɗaki-ɗaki a jere, famfo ɗaya, makewayi ɗaya na kowa da kowa. Daga nan gari ya riƙa miƙewa zuwa Asata da Ogui da Uwani, ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a suna cika su. A 1929 aka mai da Inugu hedikwatar Lardunan Kudu, a 1939 ta Lardunan Gabas, daga baya ta zama babban birnin Jihar Gabas. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta sami mutum kusan 63,000 a wurin da shekara arba'in da 'yan kai kafin nan daji ne da gonaki.

Amma ba duk masu haƙar ne suka zauna a sansani ba. Da yawa daga mutanen Ngwo da sauran ƙauyukan kan tudu sun gwammace su kwana a gida, kusa da gonar doya da iyali. Su ne ke saukowa tun da duhu ta ƙananan hanyoyin ƙafa, su yi yini a sunkuye, su sake hawa tudun da yamma, damina da rani. Kwal ɗin da suka sara yana tafiya a kan ƙafafun ƙarfe tun daga cikin dutse har bakin teku, su kuwa ba wanda ya taɓa ja musu layi.

Kwal ya hau Arewa, shanu suka gangaro

Layin bai tsaya a Inugu ba. Ya isa Makurɗi a 1924, a 1927 aka haɗe shi da Kaduna ta Kafanchan, aka fitar da reshe zuwa Jos. Kafin a gama gadar Binuwai a 1932, a kan jirgin fito ake ɗora taragu a tsallakar da su. Tun daga lokacin kwal ɗin Inugu ya zama abin da ke motsa tattalin arzikin Arewa ba tare da yawancin 'yan Arewa sun san daga ina yake ba. Shi ake kai wa masu haƙar kuza a Jos. Shi ake shebura a cikin kan jirgin da ke jan gyaɗar Kano da audugar Zariya da Funtuwa. Har Kwas ta Zinariya, Ghana ta yau, ana kai shi ta ruwa don jiragen ƙasarta.

Taragun da suka hau ba sa dawowa fanko. Hausawa sun daɗe da sanin ƙasar Ibo kafin dogo: maharba giwa sun kai har Elele kusa da Fatakwal ta yau, fatake sun zauna a Ibagwa ta ƙasar Nsukka, wasu sun bi Kwara sun sauka Anacha, wasu kuma soja ne ya kawo su. Amma dogo ne ya mai da ɗigo ya zama kwarara. Shanun da a da ake korowa da ƙafa makonni, suna ramewa, tsando na cizonsu, yanzu a tarago suke zuwa. Umuahia ta zama babbar kasuwar shanu saboda tasharta. A Inugu kuwa dubban ma'aikata ne masu karɓar albashi, ga Turawa, ga barikin soja, kowa na son nama. Sai mahauta suka zo, dillalai suka zo, masu wake da albasa da busasshen kifi da kayan fata suka biyo, malamai da masu wanzanci a bayansu. Aka yi zango, aka yi masallaci, aka naɗa Sarkin Hausawa mai sauke baƙo da raba gardama. Irin wannan unguwa ce mutanen gari ke kira Ama Awusa, a Inugu da Anacha da sauran garuruwan yankin.

Daga cikin wannan jama'a Malam Umaru Altine ya fito. Bafulatani ne daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya yi fice a reshen matasanta, kuma da aka ɗaga matsayin Inugu a 1956, shi ne ya zama magajin garinta na farko. Mutane kan ba da wannan labari da mamaki, amma wanda ya san asalin garin ba zai yi mamaki sosai ba. Inugu gari ne da kusan kowa baƙo ne a cikinsa. Mutumin Owerri da na Anacha da na Sakkwato duk neman abinci ɗaya ya kawo su, kuma siyasar garin a lokacin ta 'yan jam'iyya ce da 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa, ba ta gidan sarauta ba.

Inda aka ja layi don mutane

Don a gane abin da Inugu ta rasa, sai a dubi Pittsburgh ta Amurka, wadda ita ma kwal da ƙarfe suka gina ta. A gefen koginta akwai wani tudu mai tsananin gangare da a da ake kira Tudun Kwal, yanzu Mount Washington. Masana'antu sun cinye filin ƙasa, ma'aikata suka koma zama a sama, suna fama da matakala. Sai aka gina musu jirgin gangare: na Monongahela a 1870, na Duquesne a 1877, wasu da dama suka biyo baya.

Dabarar mai sauƙi ce. Tarago biyu ne ɗaure da igiyar ƙarfe ɗaya, igiyar ta zagaya wata babbar ƙafar inji a ƙolin tudu. Kamar guga biyu a igiya ɗaya a bakin rijiya: in ɗaya na sauka, nauyinsa ne ke taya ɗaya hawa, inji ɗan bambancin kawai yake cikawa. Ba ruwan ƙafar tarago da sulɓi tunda ja ake yi. Da haka ake hawa gangaren da ko mota ba za ta iya ba. Valparaíso ta ƙasar Chile ta buɗe nata na farko a 1883, Hong Kong a 1888. An daina haƙar kwal a tudun Pittsburgh tun tuni, manyan masana'antun ƙarfen cikin garin ma sun rufe, amma jiragen nan biyu suna aiki har yau, domin fasinjansu bai ƙare ba.

A Afirka ta Yamma ma an taɓa jan layi don mutane su hau tudu, sai dai a duba waɗanne mutane. A Firitawun ta Saliyo, a 1904, aka buɗe jirgin da ke tashi daga tsakiyar gari ya hau zuwa Hill Station, unguwar da aka gina wa jami'an Turawa don su guje wa sauro da cunkoson 'yan ƙasa. Da motoci suka yawaita a hannunsu, aka rufe shi a 1929. Mulkin mallaka ya san fasahar sarai. Yana fito da ita ne in kaya za a ɗauka ko Bature. A Inugu Baturen a fili yake zaune, don haka kaya kaɗai suka samu.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949

Tunda komai na ramin a kan tafiyar kura yake, ma'aikata sun gane inda makaminsu yake. Dokokin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun tsaurara yajin aiki, sai babban sakataren ƙungiyarsu, Okwudili Ojiyi, ya koya musu wata hanya: kowa ya zo aiki, amma a yi shi a hankali. Mai diga ya sara kaɗan, kura ta fito jefi-jefi, igiya ta yi ta zagaye ba kaya. A Nuwamban 1949 suka sake ɗaukar wannan mataki a kan bashin haƙƙoƙin da suke bi. Hukuma ta kori masu diga da dama, su kuma suka ƙi fita, suka zauna a ramin.

Gwamnati ta tsorata da nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin, tana gudun kada su faɗa hannun matasan 'yan kishin ƙasa na ƙungiyar Zikist. Aka tura 'yan sanda su kwashe. A Iva Valley ma'aikata suka taru, don a ganinsu kwashe nakiya alama ce ta rufe ramin. Babban jami'in 'yan sanda, Bature F. S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, ba ɗayansu da bindiga. Zanga-zanga ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka zauna a kwamiti ɗaya na gaggawa. Hukumar binciken Fitzgerald ta ɗora wa Philip laifin kuskuren hukunci, kuma a 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya ta karɓi ramukan. Mutum-mutumin tunawa da mamatan yana nan a shataletalen New Market.

Ƙoli, sannan gangare

Shekarun 1950 su ne ganiyar kwal. An buɗe sababbin ramuka, waɗanda aka sani da Okpara da Onyeama. A 1956 aka buɗe tashar lantarki ta Oji River, aka ja mata igiya ta sama a kan turakun ƙarfe, bokitai cike da kwal suna ratsa tudu da kwari suna wucewa bisa kan ƙauyuka. Kamfanin siminti na Nkalagu ya zo ya ƙara buƙata. A 1958 masu aikin kwal sun haura 8,000, kuma a wajen 1958 zuwa 1959 abin da aka haƙo a shekara ya zarce tan 900,000. Ba a sake kai wannan adadi ba.

Abin da ya haifi kwal ɗin shi ya fara juya masa baya. Daga tsakiyar shekarun 1950 hukumar reluwe ta soma sayen kawunan jirgi masu shan dizal, waɗanda ba sa buƙatar tsayawa shan ruwa, ba sa jiran a kawo musu kwal daga nesa. A 1956 aka sami fetur a Oloibiri. Lantarki ya koma kan iskar gas a Afam, daga baya kan ruwan Kainji a 1968. Lokacin da Alhaji Yusuf Maitama Sule ke riƙe da ma'aikatar ma'adinai da lantarki, daga 1959 zuwa 1966, ƙasar ta riga ta fara sauya abin da take hura wuta da shi, aka shiga rage ma'aikata a Inugu. Kwal ɗin kuma ba irin wanda ake narka ƙarfe da shi ba ne kai tsaye, balle ya sami sabuwar kasuwa cikin sauƙi.

Sai 1966 ta zo. Bayan kashe-kashen da aka yi wa 'yan Gabas a garuruwan Arewa, jiragen da suka saba kawo shanu suka riƙa sauke masu gudun hijira da masu rauni a tashar Inugu. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma aka far musu, waɗanda suka tsira suka bar gidaje da rumfuna suka bi layin nan suka koma. A Inugu aka yi shelar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, sojojin tarayya suka shiga garin a watan Oktoba. Famfuna suka tsaya, ruwa ya cika ramuka. Gwamnatin tarayya ta buɗe wani wurin haƙa a Okaba, cikin Jihar Kogi ta yanzu, don cike giɓi.

Bayan yaƙin basasa an sake buɗe wasu ramukan. A ƙarshen shekarun 1970 aka kawo kamfanin KOPEX na ƙasar Poland da manyan injunan haƙa, amma injunan ba su dace da yanayin dutsen da ruwansa ba, aikin bai yi albarka ba. Haka aka yi ta jan ƙafa har farkon shekarun 2000, lokacin da haƙar ta tsaya, aka sa kadarorin hukumar a kasuwa. Ƙananan layuka da igiyoyi da kuraye, abin da ruwa bai ci ba 'yan gwangwan sun kwashe.

Birnin da ya rage

Garin bai mutu da kwal ba. Mulki da makarantu da asibitoci da kasuwanci sun riƙe shi, ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 700,000. Coal Camp ta canza sana'a amma ba ta rabu da ƙarfe ba: yanzu ita ce cibiyar kayan gyaran mota, kuma a sashen da ake kira Tinker, tun safe ƙarar guduma ce da tartsatsin walda, ana ƙera tukwane da murhu da akwatuna da sassan mota daga tsohon ƙarfe. Kasuwar Ogbete na maƙwabtaka da ita. Hausawa sun dawo bayan yaƙi. Ana samun su a Owerri Road da ke Asata, inda masallaci da 'yan canji suke, da kasuwannin gwari, da kasuwar shanu ta Ugwuoba a kan hanyar Anacha. Sai dai kayansu yanzu duk a bayan tirela suke zuwa.

Babban layin ma ya kwanta. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabunta shi daga Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 jirgi ya fara gudu tsakanin Fatakwal da Aba, aikin bai kai Inugu ba a lokacin. Birnin kuwa yana ta hawa tudun da kansa. Wanda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsa sai ya nufi Ugwu Aaron ko Ugwu Alfred ko Ngenevu, unguwannin da suka maƙale a jikin gangare bisa Coal Camp, inda mota ba ta kai wa ƙofar gida da yawa, ruwan sha a ka ake hawa da shi, zaizayar ƙasa na cin hanya duk damina.

Fasahar hawa tudu ba ta tsufa ba. Medellín ta Kolombiya ta buɗe jirgin igiya a 2004 musamman don unguwannin talakawa na kan duwatsu, ta haɗa shi da jirgin cikin gari. La Paz ta Bolibiya ta bi sahu a 2014. A nan gida ma an kafa irinsa a Obudu ta Jihar Kuros Riba a 2005, sai dai don masu yawon shaƙatawa. Ba lallai ne amsar Inugu ta zama igiya ba. Wataƙila matakala ce mai kyau da magudanar ruwa da hanyar da Keke Napep zai iya bi. Amma tarihin garin ya isa ya koya wa duk mai shirin jan layi, a Inugu ko Kano ko Kaduna, tambayar da ya kamata ya fara yi kafin ya kira ɗan kwangila: wa zai hau? Layin da aka gina don haja ɗaya, ranar da kasuwarta ta faɗi ranar zai mutu, ko da ya yi shekara tamanin yana aiki. Mutanen da ke kwana a kan tudu suna neman abinci a ƙasa kuwa, a 1920 suna nan, yau ma suna nan, kuma sun ninka.